Gidan gem ɗin gilashi na Zoo Road: na je, na biya, na dawo da tambaya

Jama'a tun satin Sallah nake son in rubuta wannan abin ban samu zama ba, shago ya riƙe ni, sai yau da kasuwa ta ɗan yi sanyi nace bari in zauna in faɗi abin da na gani tun kafin ya fara dishewa a kaina. Maganar wani gidan gem ce da aka buɗe a wata filaza a kan Zoo Road, hawa na biyu, inda ake ɗaura wa mutum wani gilashi a fuska wanda yara ke ce wa VR, sai ka tsinci kanka a wata duniya daban alhali ƙafarka tana Kano. Ba zan kama sunan wajen ba, don akwai inda zan yaba akwai kuma inda zan yi ƙorafi, ni ma ɗan kasuwa ne na san zafin a ɓata maka suna a waya.

Ɗan yayata ne ya ja ni. Shekararsa 13, tun farkon azumi yake min naci, Kawu in ban sha ko ɗaya ba za ka kai ni? Nace zan kai ka. Bai sha ba kuwa duk da zafin da aka yi, toh alƙawari kaya ne. Rana ta uku ga Sallah muka tari adaidaita daga Ɗorayi, muka sha cunkoso a wajen Gidan Zoo don kun san yadda yara ke cika wajen a irin wannan lokaci, sai wajen ƙarfe uku muka isa.

Wajen dai ba laifi gaskiya. Ɗaki ne babba guda ɗaya, esi na aiki sosai, gilashi huɗu ne, kowanne an shata masa filinsa a ƙasa da tef kamar faɗin tabarma biyu don kar mai wasa ya je ya bangaji ɗan'uwansa, tunda da zarar an sa maka ba ka ƙara ganin kowa. A bango akwai talabijin da ke nuna wa na waje abin da mai gilashin yake gani, wannan tsarin ya burge ni ƙwarai, don ba don shi ba da ban ga abin da na gani ba. Naira 2,000 ne minti 15, suna karɓar tiransifa, akwai POS. Muna ciki aka ɗauke wuta ko ƙiftawa fitila ba ta yi ba, sola gare su da batira. Saurayin da ke kula da wajen kuwa Allah ya ba shi haƙuri, yara goma suna masa magana lokaci guda amma ban ji ya ɗaga murya ba ko sau ɗaya.

Ni niyyata in zauna in yi kallo in biya wa yaro mu kama hanya. Saurayin ne yace Yallaɓai ka gwada mana, akwai na manya, minti biyar ma ya ishe ka. Ya jawo wani falanki irin na kafinta ya shimfiɗa a ƙasa, tsawonsa bai fi taku biyar ba, tudunsa daga ƙasa bai wuce yatsa biyu ba. Na gan shi da idona, har na sa ƙafa na taka. Ya ɗaura min gilashin ya ja maɗaurin ta ƙeya. Sai ga ni a cikin lif, na danna maɓalli lif ya yi sama, ƙofa ta buɗe. Wallahi jama'a babu komai a gabana sai sarari da falankin nan ya miƙa waje, can ƙasa motoci kamar tururuwa, ga ƙarar iska a kunne, ga tsuntsaye suna wucewa ta ƙasana, ta ƙasana fa ba ta samana ba. Na hau Dutsen Dala ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, ban taɓa jin abin da na ji a nan ba. Na san tayal ne a ƙarƙashina. Ina jin muryar ɗan yayata yana cewa Kawu taka mana, ina jin sanyin esi a wuyana, amma ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Gwiwata ta ɗauki rawa, tafin hannuna ya jiƙe sharkaf, bakina ba abin da yake maimaitawa sai Hasbunallahu wa ni'imal wakil. Taku biyu na yi nace a cire min.

Da aka cire na kalli falankin yana nan kwance a kan tayal yadda aka ajiye shi, har da ɗan tabon fenti a gefensa. Na samu kujera na zauna, zuciyata ta daɗe tana bugawa kafin ta lafa.

Abin ba tsafi ba ne. Hoto biyu ake nuna maka, kowane ido da nasa, sun ɗan bambanta kaɗan kamar yadda idanunka biyu suke kallon abu ɗaya ta gefe daban-daban, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa su ta ba ka zurfi da nisa. Sannan akwai na'urorin da ke bin motsin kanka, ka waiga hagu hoton ya waiga nan take, ana sabunta shi sau 70 zuwa 90 ko ma fiye a daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa wasu ke jin jiri da tashin zuciya, ido na cewa tafiya ake yi, shi kuma can cikin kunne da ke kula da daidaiton jiki yana cewa a tsaye muke, irin abin da ke sa wasu amai a mota kenan. Duk wannan na fahimce shi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne sanin da na yi bai hana ni tsoro ba. Mu da aka raine mu da gani ya kori ji, yau ga gani ya shirga min ƙarya ƙiri-ƙiri, muryar yaron da nake ji ita ce gaskiya, kuma jikina ya zaɓi ya bi ganin.

A kan kujerar nan na tuna wani darasi da aka yi mana a BUK shekarun baya kan Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111. A littafinsa Al-Munƙiz minad Dalal ya ba da labarin yadda shakka ta taɓa kama shi. Da ido ya fara, yace ka kalli inuwa za ka rantse a tsaye take alhali tafiya take a hankali, ka kalli tauraro ka gan shi ɗan mitsitsi kamar dinari alhali lissafi ya nuna ya fi duniyar nan girma. Toh hankali ne ya ƙaryata ido. Sai ya tambayi kansa, shi kuma hankalin wa yace babu wani alƙali a bayansa da zai zo ya ƙaryata shi? Nan ya kawo misalin barci, kana cikin mafarki ka gaskata komai ba ko ɗar, sai ka farka ka ga babu ko ɗaya, toh me zai hana a ce akwai wata farkawar da in ta zo, wannan da muke ciki yanzu za ta koma kamar mafarki? Yace ya yi kusan wata biyu a wannan hali, kuma ba jera hujjoji ne ya fitar da shi ba, wani haske ne Allah ya jefa masa a ƙirji. Sama da shekara 500 bayansa, a 1641, Bafaranshen nan Dekart ya rubuta kusan irin wannan tambayar, yana zaune a gaban wuta yana tunanin sau nawa ya yi mafarkin yana zaune a nan ɗin alhali yana kwance a gado. Shi Turawa suka fi ambata, amma namu ya riga shi. Can ƙasar Sin ma tun kafin haihuwar Annabi Isa an yi wani malaminsu da ya yi mafarki ya zama malam-buɗe-littafi yana ta shawagi, da ya farka sai ya rasa gane ko shi mutum ne da ya yi mafarkin ya zama ƙwaron, ko kuwa ƙwaron ne yanzu yake mafarkin ya zama mutum.

Mu kam zancen ba baƙo ba ne a wajenmu. Muna cewa barci ƙanin mutuwa, kullum da asuba muna gode wa Allah da ya rayar da mu bayan ya kashe mu, aya ta 42 a Suratuz Zumar ta faɗi yadda ake karɓar rayuka a cikin barci a riƙe wasu a saki wasu, ga kuma maganar nan da ake jingina wa Sayyidina Ali cewa mutane barci suke sai sun mutu za su farka. Ina aji na haddace duk wannan na rubuta a jarrabawa. A jikina kuwa sai ranar nan na ji shi.

Toh duk wannan ba shi ne ya sa ni rubutu ba. Abin da ya sa ni rubutu ya faru ne da layi ya zo kan yaron.

Gem ɗin harbi ya zaɓa, kamar kusan duk yaran da ke wajen. Ina kallon talabijin ina kallonsa. A talabijin wani sito ne mai duhu, mutane na fitowa ta bayan buhuna da ganguna suna harbi yana ramawa, a gabana kuma yaro ne tsaye cikin shaddarsa ta Sallah ruwan bula yana juyi shi kaɗai a kan tayal. Can sai ɗaya daga cikin mutanen cikin ya yar da bindiga ya durƙusa ya ɗaga hannu biyu sama. Na ga yaron ya ɗan tsaya. Sai ya taka gaba, taku biyu na gaske a kan tayal, ya miƙa hannunsa ƙasa-ƙasa daidai inda kan mai durƙuso zai kasance, na ga hannun rigar ya ja baya agogon da babarsa ta saya masa ya fito, na ga ɗan yatsansa ya matsa. A talabijin mutumin ya kife. Yaran da ke layi suka ɗau ihu, ka gama da shi, ka gama da shi. Shi kuma yana dariya, ya ƙara masa biyu yana kwance.

A gem ɗin waya babban yatsa ne kawai ke aiki a kan allo. A nan sai ka ɗaga hannu, sai ka saita, sai ka taka ka matsa kusa da mutum. Wannan bambancin ba ƙarami ba ne, duk wanda ya tsaya ya kalla zai gane abin da nake nufi.

Ban ce masa komai ba a lokacin. Na tambayi saurayin nace ɗan'uwa wai babu wanda ba kisa a ciki? Yace akwai da yawa Yallaɓai, akwai na ƙarƙashin teku, akwai na sararin samaniya, akwai ƙwallon tebur, akwai na zane, yaran ne ba sa tambaya. Sai yace akwai Makka ma. Bidiyo ne irin wanda ake ɗauka ta kowane ɓangare, a YouTube yake. Na sake biya.

Ni ban taɓa zuwa ba, Allah bai kira ba tukuna. Ana sa min gilashin sai ga ni a tsakiyar masu ɗawafi, Ka'aba a gabana kusa-kusa har ina ganin zaren zinaren da aka yi rubutun jikin rigarta, wani tsoho cikin harami ya wuce ta dama da ni har na kauce masa kar in buge shi, na ɗaga kai ga hasumiyoyi ga dogon benen nan mai agogo, ga gunjin addu'a ta ko'ina. Ban san lokacin da hawaye ya zo ba. Da aka cire min soson gilashin a jiƙe yake, saurayin ya karɓa bai ce komai ba, Allah ya saka masa.

Bayan mun yi La'asar muka zauna wajen wani mai fura a bakin titi. Nan nace masa, kai me ya sa ka harbe wanda ya ɗaga hannu? Yace Kawu ai ba mutum ba ne. Nace na sani, amma me ya sa? Yace ai kamar mafarki ne, kuma Malam ya faɗa mana a Islamiyya an ɗauke alƙalami a kan mai barci har sai ya farka. Nace toh kai barci kake yi? Ya yi shiru yana juya ludayi a kwano, can sai ya ɗago yace Kawu kai da ka ga Ka'aba yanzu ka yi Umara kenan? Nace a'a. Yace toh in ɗawafin ciki ba Umara ba ne, harbin ciki ma ba kisa ba ne.

Wallahi sai da na ajiye ludayi. Yaro ɗan shekara 13. Kuma rabin maganarsa gaskiya ce, don ko a farkon 2022 da aka yi ta surutu kan nuna Hajarul Aswadi ta irin wannan gilashi, hukumar kula da addini ta Turkiyya fitowa ta yi tace ziyarar Ka'aba ta gilashi ba Hajji ba ce, sai ƙafa ta taka wajen. Ban ba shi amsa a ranar ba, nace zan yi tunani, kuma na yi, kwana da kwanaki.

Hadisin da ya kawo yana cikin Abu Dawuda da wasunsa, an ɗauke alƙalami daga mutum uku, mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. In ka duba su ukun abu ɗaya ya haɗa su, babu cikakken zaɓi. Mai barci ba shi ke tuƙa mafarkinsa ba. Tun 1953 masu bincike a Jami'ar Chicago ta Amurka suka gano akwai wani matakin barci da ido ke ta yawo da sauri a ƙarƙashin fatarsa, a nan ake yawan yin mafarki mai tsari, daga baya kuma aka gane a wannan matakin jiki a kulle yake, tsokar hannu da ƙafa ba sa amsa umarni. Rahama ce babba, ba don haka ba da mai mafarkin dambe ya fasa wa na kusa da shi baki. Abin da muke kira dannau ma shi ne, hankali ya farka kullewar ba ta saki jiki ba tukuna. Shi ya sa a fiƙihu in mutum ya furta saki cikin barci matarsa ba ta saku ba, in ya yi mafarki da rana a Ramadan azuminsa na nan wanka kawai zai yi, in barci ya rinjaye shi salla ta wuce sai ya yi ta lokacin da ya farka.

Amma akwai wani wajen da mutane ke mantawa. In mai barci ya juya ya ture wayar wani ta fashe, babu zunubi a kansa amma sai ya biya. Ɓarna daban, laifin zuciya daban. Har kotunan Turawa sun yi fama da wannan, a 1987 a Kanada wani mutum ya tashi cikin barci ya tuƙa mota sama da kilomita 20 zuwa gidan surukansa ya kashe surukarsa, kotu ta sallame shi kan cewa ba ya cikin hayyacinsa, kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar a 1992. Rai ya salwanta, amma babu niyya.

Toh mai gilashi shi kuma a juye abin yake. Shi babu ɓarna, babu wanda ya mutu, babu diyya babu gawa, kuma ni ban ce yaron ya yi kisa ba, ban ce an rubuta masa zunubin kisa ba, wannan ko kusa. Amma idonsa biyu, shi ya zaɓi gem ɗin, shi ya tsaya ya yi shawara da zuciyarsa na ɗan lokacin nan da na ga ya dakata, shi ya taka ya matsa, kuma ya ji daɗi. Duk abin da aka ɗauke wa mai barci alƙalami saboda rashinsa, shi yana da shi.

Da ya zo gidanmu ranar Juma'a na kira shi ɗaki nace zauna in ba ka amsarka. Nace Ka'abar da na gani hoto ce, ban yi Umara ba, ka yi gaskiya. Amma hawayen da ya jiƙa soson nan fa, shi ma hoto ne? Yace a'a. Nace tun ranar na buɗe asusu na fara tara kuɗin Umara, wannan fa? Yace na gaske ne. Nace toh mutumin da ka harba hoto ne, dariyar da ka yi kuma daga ina ta fito? Ya sunkuyar da kai. Na ba shi labarin Usama ɗan Zaidu, yadda a wajen yaƙi ya rutsa wani mutum, mutumin ya yi kalmar shahada amma ya kashe shi yana ganin tsoron takobi ne ya sa ya faɗa, da yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ta maimaita masa faɗa har Usama ya yi burin ina ma ranar ya musulunta. Yace toh Kawu in na ƙyale shi ya juya ya harbe ni fa? Nace sai a ce an cinye ka a gem, ka sake wani.

Kar wani ya ɗauka ina cewa duk yaron da ya buga gem ɗin harbi zai zama ɗan daba. Masu bincike sun daɗe suna jayayya kan alaƙar gem da ta'asa kuma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, ga miliyoyin mutane suna bugawa ba su taɓa marin kowa ba. Abin da nake kallo shi ne, tun shekarun 1990 likitocin ƙwaƙwalwa ke amfani da irin wannan gilashin suna yi wa masu tsoron hawa sama magani, a yi ta kai mutum saman bene na ƙarya har tsoronsa na gaske ya ragu. Matuƙan jirgin sama a na'urar kwaikwayo suke sabawa kafin a damƙa musu jirgi da fasinja. Wato an yarda abin da ka maimaita a ciki yana bin ka waje, da ba ya bi da ba a kashe masa kuɗi ba. In maimaici zai iya cire tsoron tsayi, ni kam ina jin tsoron ya cire wannan ɗan dakatawar da na ga yaron ya yi kafin ya taka gaba. A garin da ake caka wa mutum wuƙa saboda wayar hannu, wannan dakatawar tana da tsada a wajena, ina so ta daɗe a hannun ɗan yayata.

Ni kaina abin ya biyo ni. Daren ranar da muka je falankin nan ya zo min a mafarki, ba zan ba da labarinsa ba tunda an hana ba da labarin mummunan mafarki, na dai yi tofi ta hagu sau uku na nemi tsari na juya kwanciya. An ce mafarki iri uku ne, na bushara daga Allah, na firgitarwa daga Shaiɗan, da wanda zuciya ke maimaita abin da ta yini a kai. Taku biyu kacal na yi a Zoo Road, sai da suka biyo ni Ɗorayi har kan katifa. Toh ina ga yaron da yake yin minti 15 sau uku a sati?

Akwai wani matashi da na lura da shi a wajen, zai kai shekara 20 da wani abu, tun da muka shiga yake ciki, lokaci na ƙarewa sai ya sake tiransifa ba tare da ya cire gilashin gaba ɗaya ba, ya ɗaga shi goshi kawai ya danna waya ya mayar. Da ya cire daga ƙarshe na ga yadda ya kalli ɗakin, kamar wanda aka tasa daga barci mai daɗi aka ce masa ga bashi. Wani masanin falsafa Ba'amurke, Robert Nozick, ya taɓa tambaya a 1974, in da za a ƙera na'urar da za ta ba ka duk daɗin da kake so har ka manta na'ura ce, za ka yarda a jona ka da ita iya rayuwarka? Shi yana ganin mutane za su ƙi, don muna son mu aikata abu ne da gaske ba mu ji kamar mun aikata ba. Fuskar matashin nan ta sa na ji tausayi, don na san yadda gari yake, aiki babu, kuɗin makaranta ya hau, ba abin mamaki ba ne mutum ya fi son can.

Ƙorafina ga masu wajen, kuma da kyakkyawar niyya nake yi. Babba a ciki shi ne shekaru. Na ga yara da ba su fi shekara shida ko bakwai ba an ɗaura musu gilashin da ya fi kansu girma suna wannan gem ɗin na sito, alhali kamfanonin da ke ƙera gilasan da kansu sun daɗe suna sa shekara 12 ko 13 a matsayin ƙa'ida, wanda ya sauko zuwa 10 ma sai da sa idon iyaye. Ku raba jerin gem ɗin, ku manna a bango, na yara daban na manya daban, kuma in yaro ya zo ku fara nuna masa na teku da na sararin samaniya, don saurayinku da bakinsa yace ba sa tambaya, toh yaya za su tambayi abin da ba su san da shi ba? Sai tsafta, soson da ke taɓa fuska gumi yake sha daga wannan zuwa wancan, sai da na yi magana aka goge kafin a sa wa yarona, kuma kun san yadda ciwon ido ke yaɗuwa a garin nan in lokacinsa ya zo. Ana fara ƙirga minti tun ana gyara maɗauri, wannan cin haƙƙi ne ko da minti ɗaya ne. Babu layi na tsari, mai ƙarfin turawa shi ke shiga. An kira La'asar kuma kiɗa na ta tashi babu wanda ya rage.

Duk da haka kuɗina bai faɗi ba, kuma zan ce wa mutum ya je. Amma in za ka kai yaro kar ka sauke shi a ƙofa ka tafi sabgarka, shiga ka zauna gaban talabijin ɗin nan ka ga me yake yi da hannunsa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya bar falankin nan, ba abin wasa ba ne. Mai saurin jiri ya fara da na zaune. In da hali a je da safe ranar aiki, wajen ba kowa, ka yi abinka a natse.

Na ba Umma labarin Makka, ita ma ba ta taɓa zuwa ba, shekara da shekaru tana zubin adashi da wannan niyya. Tace da gaske har rubutun jikin rigar ake gani? Nace har zarensa Umma. Ta yi shiru, can tace toh ka kai ni in gani, amma da alwalata zan je. Asabar mai zuwa ƙarfe goma za mu je in sha Allah, na riga na kira saurayin nace ya tanadar mata kujera mai hannu, ya canza soson, ya kuma kashe kiɗan kafin mu hau bene.